Sauron Randa

Na yi kiwon sauro, kuma ba na jin kunyar faɗa. A shekarun da ake aikin dam ɗin Zobe ne, ina matashi, na gama sakandare da irin sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina. Wata jami'a ta kama hayar gida mai ɗaki uku a bayan kasuwar Dutsin-Ma, ta turo wani likitan bincike ya zauna yana duba irin sauron da sabon ruwan zai tara wa mutane. Ni aka ɗauka in riƙa shara, in wanke kwalabe, in ba ɓeraye abinci. Ranar da na je ƙauyenmu Tamawa na faɗa wa mahaifina, sai da ya ajiye fartanya ya ƙare mini kallo. Ya ce wato duk bokon da na sha, ƙarshensa in riƙa ciyar da abin da muke kashewa a rumbu.

Likitan nan mutumin kudu ne, Kirista, gajere mai tabarau, kowa Dakta yake ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo. Bari in faɗa tun yanzu, ba mugu ba ne. Shi ya fara zaunar da ni gaban madubin likita, ya nuna mini yadda ake shafa ɗigon jini a gilashi, a rina shi, a leƙa. Ranar da na fara ganin ƙwayar zazzaɓi kwance cikin jini, ƙanƙanuwa kamar zoben yarinya, na kasa ɗauke idona daga madubin. Daga ranar ba ni da wani buri sai aikin nan. Dakta ya yi mini alkawari, idan aikinmu ya ƙare zai rubuta mini takardar shaida in shiga makarantar koyon aikin gwajin jini. Mai sakamako irin nawa, in babu takardar babban likita, ko ƙofar makarantar ba zai gani ba.

Ƙidayar sauro shi ne aikin da aka turo shi yi, amma zuciyarsa na kan wani abu dabam. Yana gwada wata allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jikin fararen ɓeraye. Ɓeraye suna da nasu irin zazzaɓin, wanda ba ya kama mutum, da shi ake gwajin. Sai a yi wa wasu rigakafin, a bar wasu haka nan. Bayan makonni mota ta kawo sauro masu ɗauke da cutar daga jami'a cikin akwatin ƙanƙara. Dakta ya zauna da allura biyu siriri yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana ciro ƙwayoyin daga inda yawun sauron yake taruwa. Ya ƙirga, ya zuƙa a sirinji. Ni kuma in riƙe ɓera, in ɗumama wutsiyarsa da ruwan ɗumi har jijiya ta fito, shi kuma ya tsira allurar a ciki.

Tun karon farko abin ya tsaya mini a rai. A karo na biyu na kasa yin shiru.

Na ce, "Dakta, ga sauron nan da ransu, me ya sa ba za mu bari su ciji ɓerayen da kansu ba?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce da sirinji ya san adadin da ya shiga, sauro kuwa wa ya san abin da ya tofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai duk Kurfi da Dutsin-Ma ban taɓa ganin wanda zazzaɓi ya kama ta sirinji ba."

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, riƙe wutsiya."

Na riƙe wutsiya. Amma raina ya ɓaci, don ba wasa nake yi ba. Ni da na tashi ina kashe sauro a ƙaurina na san ba ya zuwa ya buɗe jijiya ya ɗura abu. Yakan soka bakinsa a fata, ya lalluba, ya zare, ya sake sokawa. Ina sauro, ina sirinji!

Sakamakon bai yi kyau ba. Waɗanda aka yi wa rigakafin da waɗanda ba a yi wa ba duk tare suka kwanta, gashinsu ya tashi, suka dunƙule a kusurwar keji. Aka maimaita, haka dai. Dakta ya rame, ya daina zuwa cin tsire bakin tasha. Daidai lokacin da gero ya fara nuna sai takarda ta zo daga jami'a: a rufe aikin ɓeraye, nan da wata biyu babbar mota za ta zo kwashe kaya. Saura keji ɗaya na ɓerayen da aka yi wa rigakafi, ba a kai ga gwada su ba, don an daina turo sauro. Dakta ya miƙo mini kwalbar maganin da ake kashe su da shi, ya ce in gama da su kafin azahar.

Na ce ba zan yi ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. Na ce ya ba ni wata biyun nan, zan tara sauro, su sha jinin ɓeraye marasa lafiya, sannan su ciji na kejin nan. Ya ce ban san abin da nake faɗa ba. Ƙwayar zazzaɓin ɓera daga daji mai sanyi ta fito, ba ta nuna a cikin sauro sai an ajiye shi a sanyi sama da mako biyu. Ya nuna mini na'urar sanyin da ke kusurwa, wadda ta mutu tun ranar da injin wutarmu ya ƙone. Ya ce a zafin Dutsin-Ma a ina zan sami sanyi.

Na ce, "A randa."

Wannan karon dariyar da ya yi har da buga tebur. Da ya gama ya ce in yi abin da na ga dama in dai na gama sharata, shi bai gani ba bai ji ba. Ya ƙara da cewa in tuna takardata a hannunsa take.

Ranar Juma'a bayan masallaci na hau keke zuwa Kurfi wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Maginiyar tukwane ce, randarta har daga Rawayau ake zuwa saye. Mace ce mai faɗa, ni ma an ce a wurinta na ɗauko. Na san idan na ce sauro zan zuba a ciki za ta bi ni da muciya, don haka na ce mata Dakta ne yake son manyan randuna biyu. Ta washe baki, ta ce likita guda zai sha ruwa a randarta, to a ba ta kwana biyu. Ranar Lahadi a-kori-kura ta sauke mini su a ƙofar gidan aikinmu, an naɗe su da tsummoki.

Na yanka tsohuwar durom gida biyu, na cika da jiƙaƙƙen yashi, na dasa randunan a ciki a ƙarƙashin darbejiyar bayan gida. Na zuba ruwa kaɗan a gindinsu, na ɗinka ƙananan kejuna da tsohon gidan sauro na rataya a ciki, na sa ma'aunin zafi, na rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Ma'aunin ya sauka har inda Dakta ya ce ana so. Na je bakin dam da ludayi ina kwasar tsutsotsin sauro daga ruwan da ya kwanta a sawun shanu. Dakta ya taɓa nuna mini yadda ake gane na zazzaɓi: su ne masu kwanciya a miƙe a saman ruwa, sauran kuwa kai ƙasa suke ratayewa. Fulanin da ke shayar da shanu suka tsaya suna kallona, wani dattijo a cikinsu ya yi mini addu'ar samun sauƙi.

Cikin mako guda suka zama sauro. Na ɗora musu ɓera mara lafiya daga ragowar gwajin baya a kan raga, na lulluɓe da baƙin ƙyalle don su ɗauka dare ya yi, suka sha suka yi nak. Na saka su a randa da auduga mai ruwan sukari. Kwana biyu na buɗe, wallahi babu ko ɗaya mai rai. Duk sun zube a ƙasan keji.

Dakta ya fito ya leƙa. Ya ja hanci sau biyu, ya ce wane irin ƙamshi ne wannan. Na ce wane ƙamshi? Na tura kaina cikin randar, sai a lokacin na ji. Kajiji ne da hayaƙin turare. A wurinmu ba a ba mutumin kirki sabuwar randa sai an kife ta a kan garwashi an turara ta, don ruwan ya yi daɗi. Gwaggo kuwa da ta ji likita ne, kwana biyun nan cur ta yi tana turarawa. Ni kuma tun ina goye ruwan irin wannan randar nake sha, hancina bai ma san ƙamshi ba ne. Kwana goma suka tafi a banza.

Na isa Kurfi ina huci, ko keken ban jingine da kyau ba.

"Gwaggo, wa ya ce ki turara?"

"Yo mi za a yi da randa in ba a turara ba? So kake a ce 'yar gidanmu ta ba likita randa mai warin ƙasa?"

"Kin kashe mini sauro!"

Ta saki yumɓun da ke hannunta. "Na kashe maka mi?"

Dole na faɗa mata gaskiya. Kai, na sha zagi a ranar. Ta ce shekara arba'in tana gini, ba a taɓa wulaƙanta randarta irin haka ba, ta ce boko ya juya mini ƙwaƙwalwa, ta kira matan gidan su zo su ga ɗan ƙanenta da ke yi wa sauro ɗaki. Na bari ta sauke, sannan na yi mata bayani dalla-dalla: ɓerayen, allurar, sirinjin, da abin da nake zargi. Gwaggo ta binne 'ya'ya uku, duk zazzaɓin damina ne, duk kafin yaye. Ta sake ɗaukar yumɓu tana murzawa a tafinta.

Ta ce, "Wato allurar tasu ba a gwada ta yadda ciwon ke zuwa ba."

Na ce, "Abin da nake faɗa kenan, Gwaggo, an ƙi ji."

Ta tashi ta shiga rumfar da take ajiye kaya, ta ƙwanƙwasa wannan, ta ƙwanƙwasa waccan, ta ware guda biyu masu kaushin baya waɗanda ba ta goge ba. Ta ce waɗannan sun fi yin zufa, mai zufa kuwa ita ce mai sanyi, kuma in ajiye su inda iska ke ratsawa, ba jikin bango ba. Ta ce in na sake yi mata ƙarya sai ta fasa ta ukun a kaina.

Na koma na fara daga farko. Sau huɗu a yini ina jiƙa yashi da buhu, safe da azahar da la'asar ina duba ma'auni ina rubutawa da fensir a littafin makaranta. Da rana ta take, in zauna da mafici ina yi wa randa fifita. Masu wucewa zuwa kasuwa suka gano, suka riƙa leƙowa ta katanga suna tambayata ya jikin mai jegon. Ban kula su ba. Sauron sun ragu, amma da yawa sun rayu.

A kwana na goma sha takwas na kai wa Dakta guda biyar a kwalba. Ya karɓa kamar wanda aka tilasta, ya feɗe, ya leƙa madubi. Na farko babu komai, na biyu babu. A na uku ya daɗe bai ɗago ba. Sai ya matsa gefe ya ce, "Malam, zo ka gani." Ga su nan, sirara kamar gashin gira, suna motsi. Daga ranar ya daina cewa bai gani ba bai ji ba. Shi da kansa ya ce a haɗa da ɓerayen da ba a yi wa rigakafi ba, don in ba haka ba gwajin ba shi da ma'ana. Muka kwantar da su a kan raga biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, muka lulluɓe da baƙin ƙyallen, sauron randa suka yi aikinsu.

Mako guda muna yanke ɗan bakin wutsiya muna duba jini kowace safiya. Waɗanda ba su da rigakafi suka fara nuna ƙwayar, gashinsu ya tashi, suka daina cin dusa. Na kejina kuwa, in ban da biyu, jininsu fes, suna ta guje-guje suna gwaguyar waya. Muka ƙara kwanaki, haka suke. Na fita bayan gida na zauna kusa da randunan na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da sakamakona na sakandare ya fito.

Dakta ya yi ta zagaye ɗaki yana magana, rabi da ni rabi da kansa. Ya ce sirinji yana ɗura ƙwayoyin ne kai tsaye cikin jini, kafin jiki ya farga sun isa hanta sun ɓuya. Sauro kuwa a fata yake barinsu, sai sun yi rarrafe sun nemi hanya, a nan ne abin da rigakafin ya tanadar a jiki yake samun damar tare su. Ya ce ɓerayen sun yi kaɗan, ba za a ce an sami magani ba, amma wannan ya isa a hana rufe aikin, a sake gwadawa da kyau. Na ce ai abin da na faɗa masa kenan tun da wutsiya a hannuna. Ya ce, "Na sani, Malam, kada ka cika mini kunne."

Ranar da babbar motar ta zo, da hantsi, ana ta ɗora akwatuna, ya kira ni ɗakin madubi. Takardu biyu ne a kan tebur. Ɗaya takardar shaidata ce, an buga ta da tafireta, saura sa hannunsa. Ɗayar kuwa ta rahoton gwajinmu ce, shafin da ke nuna yadda aka ajiye sauro. Ya kwafe duk abin da na rubuta da fensir, bai canza lamba ko ɗaya ba. Amma a saman shafin an rubuta cewa a cikin na'urar sanyi aka ajiye su. A ƙasa akwai layin da mai kula da sauron zai sa hannu, don ƙa'idarsu ce sai da shi.

Na ce, "Dakta, ina randa?"

Ya ce in zauna. Ya ce mutanen da za su karanta wannan, da zarar idonsu ya faɗa kan tukunyar ƙasa za su ajiye takardar su yi dariya, ba za su kai ga ɓerayen ba. Ya ce dama ana yi masa kallon wanda ya ɓata shekara biyu a ƙauye. Sanyin ɗaya ne, lambobin gaskiya ne, kalma ɗaya ce kawai. Na san ba don kansa kaɗai yake roƙo ba.

Na ce na'urar nan da kaza ta taɓa yin ƙwai a bayanta, ita za a ba aikin? Na ce idan gobe wani a wani garin da babu wuta ya karanta, sai ya ce shi ba zai iya ba tunda ba shi da na'ura, alhali randa na tsakar gidansu. Na ce kuma shi ya koya mini cewa mai gwajin jini abin da ya gani yake rubutawa. Yaya zan shiga aikin da sa hannuna na farko a kan abin da ban gani ba?

Ya ce, "Malam, kai yaro ne, ba ka san yadda duniyar nan take ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na san randa."

Direba ya danna oda a waje. Dakta ya turo mini biro. Na ɗauka, na ja layi a kan na'urar sanyi, na rubuta randa da manyan baƙaƙe a samanta, sannan na sa hannu a ƙasa, na tura masa. Ya daɗe yana kallon shafin. Bai yi faɗa ba. Ya ninke shi, ya ninke takardar shaidata yadda take babu sa hannu, ya zura duka a aljihun rigarsa. Ya ce Allah ya ba ni sa'a, ya fita ya hau gaban mota.

Na yi wata shida ina zuwa gidan waya ina tambaya. Babu abin da ya zo. Daga baya direban nan ya biyo ta Dutsin-Ma da wani aikin, ya ce mini an rufe maganar ɓeraye, rahoton da aka karɓa shi ne na farko, wanda ya ce allurar ba ta yi aiki ba. Ban san ko Dakta ya miƙa shafin aka yi masa dariyar da yake tsoro ba, ko kuwa a aljihunsa ya mutu.

Abokaina sun ce taurin kaina ne ya binne abin da na tono da hannuna. Akwai ranakun da nake cewa sun yi gaskiya, musamman idan damina ta yi nisa ana wucewa da ƙananan gawawwaki a tabarma, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Amma ko a irin ranakun, idan na mayar da kaina gaban teburin nan na ɗauki biron, layin nan dai nake sake ja. Ba ni na ce a yi wa randa dariya ba. Masu dariyar su za a tambaya.

Na sami aikin koyarwa a firamare a Makera, a can na yi shekaruna har na ajiye aiki. Ban sake leƙa madubin likita ba.